Idan ƙwan falo ya cika haske, na ɗaki kuma ya dushe

Salamu alaikum jama'a. Wannan shawara ta fi shafar gidajen da aka ja wa layin wuta uku.

Idan an kawo wuta kuka ga wani ƙwai yana haske fiye da kima, wani kuma kamar aci-balbal, fanka tana gudun da ba ta saba ba, don Allah kada ku ce bari a jira ta daidaita. Galibi wayar nutural ce ta saki, wato wayar da wutar layukan uku ke komawa ta cikinta, ko a kan falwaya ko a wajen mita. Wutar da kayanmu ke sha, tsakanin layi ɗaya da nutural, bolt 230 ce, amma tsakanin layi da layi kusan 400 ne. Da zarar nutural ta saki, wutar ta daina rabuwa daidai, layin da kayansa ba su da yawa shi zai kwashi mafi yawa. Nan caja da talabijin da firji ke ƙonewa. Fis kuwa ba lallai ya yanke ba, don shi nauyin kaya yake gadi, ba yawan bolt ba.

A kashe babban makunnin gida nan take, a zare filogi. Sannan a leƙa maƙwabta. In su ma haka ne, matsalar daga layin unguwa take ko taransifoma, sai a sanar da kamfanin wuta, kada wani yaro ya hau falwaya.

In gidanku ne kaɗai, a kira mai gyara ya auna. Ku ce ya duba inda wayar alminiyom ta haɗu da ta jan ƙarfe, wurin yakan yi tsatsa ya saki. Kuma kada a taɓa nutural ɗin da hannu, a irin wannan hali tana ɗauke da wuta.