Horon aiki a sashen kuɗi: abin da ya kamata ɗalibi ya iya kafin ya koma makaranta

Ɗalibin da aka tura sashen kuɗi, ko a tsarin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ɓullo da shi a 1973, ko a shekarar nan guda da 'yan foliteknik ke yi bayan difloma, yawanci jera baucoci, wato takardun da ake cikewa don biyan kuɗi, ake fara ba shi. Kada ka raina wannan aiki. Kowace bauca ka ɗauka, duba abu huɗu: takardar neman biya daga mai kaya, shaidar cewa kayan sun shigo sito, sa hannun wanda ya amince a biya, da rasit. In ɗaya babu, ajiye ta gefe ka nuna wa akanta. Wanda ya shirya bauca ba shi ne zai amince da ita ba, kuma ba shi ne zai biya ba. An raba hannayen ne don kada mutum ɗaya ya ci kuɗi ya kuma rufe sawunsa.

Aikin da ya fi koyar da kai shi ne daidaita littafin kuɗi na ofis da takardar bayanin asusu da banki ke bayarwa ƙarshen wata. In ba a ba ka ba, ka roƙa. Sami fensir da rula, ka bi layi-layi, duk abin da ya fito a takardun biyu ka yi masa alama. Waɗanda suka rage ba alama su ne aikinka.

Mu ɗauka littafin ofis ya nuna naira 1,850,000, banki kuma ya nuna 2,136,800. Fara da abin da banki ya sani, ofis bai sani ba: cajin banki 3,200, da wani abokin ciniki da ya turo 120,000 bai sanar ba. Shigar da su a littafi, ragowar ta koma 1,966,800. Sai ka juya ga abin da ofis ya sani, banki bai gani ba tukuna: cakin 250,000 da aka ba mai kaya bai kai banki ba, da 80,000 da aka zuba ranar ƙarshen wata da yamma ba ta hau ba. Cire na farko daga adadin banki, ƙara na biyu, za ka sami 1,966,800 daidai. Waɗannan biyun ba a taɓa littafi dominsu, a takardar daidaitawa kawai ake rubuta su. A nan sababbin hannu suka fi tuntuɓe, sai su shigar da caki sau biyu. Cakin da ya wuce wata shida kuwa banki ba zai biya ba, dole a mayar da kuɗinsa littafi.

In lissafi ya ƙi haɗuwa, raba bambancin da 9. In ya rabu ba saura, mai yiwuwa an juya lambobi, an rubuta 45,000 a madadin 54,000. In bai rabu ba, raba shi biyu ka nemi wannan adadin: 12,500 da aka sa a ɓangaren shiga maimakon fita zai haifar da giɓin 25,000. Abin da ba a yafewa shi ne ƙirƙirar lamba don a rufe giɓi, ko na naira 50 ne. Ƙaramin bambanci kan ɓoye manyan kurakurai biyu da suka kusa cinye juna, kuma mai binciken kuɗi zai tono su ko bayan shekara.

Haddace ranakun nan: harajin albashi ana tura shi ga hukumar harajin jiha kafin 10 ga watan da ke biye, harajin VAT, wato harajin sayen kaya da ayyuka na kashi 7.5, kuma ga hukumar harajin tarayya zuwa 21 ga wata. Kuɗin fansho, kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai aiki, cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Jinkiri tara yake jawowa.

A manhajar lissafi ta Excel, kada ka buga jimla da hannu, bar manhajar ta haɗa, sannan ka duba ko layin ƙarshe ya shiga lissafin.

Za ka ga albashin kowa, daga manaja har masinja. Bakinka alaikum, kuma kada ka ɗauki hoton takarda da waya. Kada ka shiga kwamfuta da lambar sirrin wani, kada ka sa hannu a kan kuɗin da ba ka ƙirga da kanka ba, ko da babba ne ya ce sauri yake yi, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Littafin rahoton aikinka kuwa ka cika shi kullum kafin tashi, da sunan aikin da ka yi da watan da ka daidaita, mai kula da kai ya sa hannu duk ƙarshen mako.