Yadda za ku haɗa ƙaramin tarkon ayon a lab

Ƴan uwa ɗaliban fiziks, musamman na ATBU nan Bauchi, wannan tarkon ayon ɗin da kamfanoni irin su IonQ ke gina kwamfutar kwantum da shi, za ku iya haɗa ƙaninsa ku gani da idonku, wallahi ya kamata mu gwada.

Ayon dai atom ne da ya rasa elektiron ko ya samu ƙari, ya zama mai caji. Wuta tsayayya ba ta iya riƙe shi a wuri ɗaya, wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Earnshaw ya nuna haka tun 1842. Sai Wolfgang Paul na Jamus ya kawo dabarar wuta mai juyawa, kamar ka ɗora ƙwallo a kan sirdi kana juya sirdin da sauri, kafin ya gangaro gefe ɗaya gefen ya riga ya zama tudu. Dabarar ce ta ba shi Nobel a 1989.

To ku da ƙura za ku yi, ba atom ba. Ku samo zoben ƙarfe, washa ma ta yi, sai taransifoma da zai ɗaga wutar NEPA mai juyawa sau 50 a sakan zuwa kilovolt kaɗan, sai garin lycopodium (wani gari ne mai laushi sosai da ake samu daga wani tsiro), da leza mai kore. Dan Allah a nan kar kowa ya yi gaban kansa, wutar nan tana kisa, dole a sa resista mai megaohm 10 kafin zoben kuma malami ko teknishan na tsaye a wajen.

Ku goga sandar roba da kyalle ta ɗau caji, ku dangwalo garin, ku karkaɗa shi a hankali tsakiyar zoben sannan ku haska leza. Za ku ga ƴan ƙwayoyi sun tsaya a iska suna zana gajerun layuka saboda rawar da wutar ke sa su, kuma kowace na ture ƴar uwarta tunda cajinsu iri ɗaya ne. Ku rufe komai da akwatin gilas, fanka kaɗai sai ta kwashe su. Lokacin hunturu ya fi, iska a bushe take caji na kamawa sosai.

A nan iskar ɗaki ce ke rage musu gudu. A babban lab kamar na Innsbruck a Ostiriya kuwa zuƙe iskar ake yi kakaf, sai a sanyaya ayon ɗin kalsiyam da leza mai nanomita 397.