Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa akwatin girki na ƙaramin jirgin ruwa

Akwatin girkin da na fara haɗawa na wani abokina ne mai ɗan jirgin ruwa a Legas, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa bai wuce mita 6 ba. Abin da yake so shi ne akwatin da zai ɗauki risho da tukwane biyu da jarkar ruwa, idan an dawo gaɓa ya ciro shi ya kai gida. Kwana huɗu na yi a kansa, na goge shi sumul. Ranar da muka kai shi bakin ruwa sai ya ƙi shiga ƙofar ɗakin jirgin. Wurin da zai zauna na auna, na manta da hanyar da zai bi. Abokin ya dube ni ya ce, "Malam, ko jirgin za mu tsaga?"

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Ka fara yanka kwali daidai girman akwatin, ka liƙe, ka shigar da shi ka fitar. Kwalin zai kuma tona maka cewa bangon jirgi a lanƙwashe yake, ba a miƙe ba kamar na ɗaki. In wurin ya yi matsi, raba akwatin gida biyu, na wuta daban, na kwanuka daban.

Amma uwar kurakuran ita ce mutum ya yi aikin kamar a ƙasa za a girka. Jirgin iska a karkace yake tafiya, digiri 15 zuwa 20 ba abin mamaki ba ne, ga igiyar ruwa tana jijjiga shi. Duk abin da ba a tare shi ba sai ya yi tafiya. Saman akwatin yana buƙatar ɗan shinge na katako a gefe, kamar santimita 4 ko 5, a bar kafa a kusurwa don sharar ɓurɓushi. Tukunya kuma a yi mata maƙalai na ƙarfe da za su riƙe ta a kan wuta. Durowa ba sakata, karkatar farko za ta zazzage maka cokula a ƙafa. Maganaɗisun nan na ƙofar kabad ba ya riƙe komai a ruwa.

Wasu suna nacewa sai sun yi risho mai lilo irin na manyan jirage, wanda yake tsayawa daidai ko jirgi ya karkata. In za ka yi, layin lilon ya bi tsawon jirgin, daga goshi zuwa baya, domin gefe da gefe jirgi ya fi karkata. Ni dai a ɗan jirgi ban ga amfanin wahalar ba, cin wuri kawai yake. Gara a girka bayan an jefa anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya, a cika filas da ruwan zafi don hanya, tukunya kuma ta zama mai zurfi, kada a cika ta fiye da rabi.

Akwai masu jin an ce "mai cirewa" sai su ajiye shi haka kawai. Akwati mai kilo 15 in ya taso daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafar mutum zai karya. A ɗaure shi da bel mai ƙarfi a zobban da aka huda aka sa musu noti da faranti ta baya. Sukurun da aka murɗa a siririn bangon jirgi fizga ɗaya zai fita. Bayan ka ɗaure, ka kama shi da hannu biyu ka girgiza iya ƙarfinka.

Maganar gas ce ba a wasa da ita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake gangarawa. A gida sai ya bi ƙarƙashin ƙofa ya fice. Jirgi kuwa ƙwarya ce, ba inda zai bi, a gindinta zai taru yana jiran ƙyastu ɗaya. Saboda haka silinda ba ta kwana a cikin ɗakin jirgi. Wurinta waje ne, a ɗaure, ko a cikin akwati nata na daban mai kafa a ƙasa da ke zubar da gas ɗin can wajen jirgi. Mahaɗar tiyo a shafa mata ruwan sabulu, in ka ga kumfa na tashi to akwai yoyo. Ƙaramin rishon nan mai gwangwanin gas a gefe shi ma yana da nasa tarkon: faffaɗar tukunya takan rufe saman gwangwanin, zafi ya koma kansa har ya fashe. Ƙaramar tukunya ce tasa, kuma a zare gwangwanin da an gama.

Rishon sifirit bai kai na gas haɗari ba, sai dai da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai. Kada a ƙara masa mai yana da zafi.

Gawayi fa? Masuntan kogin Neja sun daɗe suna hura wuta a kan yashi cikin kwale-kwale, kuma dabara ce mai kyau, amma kwale-kwale a buɗe yake. A rufaffen ɗakin jirgi gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya ji kasala ya kwanta shi ke nan. Ko da gas kake girki, bar ƙofa a buɗe. Gefen da wuta ke lasa a sa masa falle na ƙarfe, a bar ɗan rata tsakaninsa da katako, in an manna su zafin wucewa yake. Abin kashe gobara kuma a rataye shi bakin ƙofa, ba bayan risho ba inda sai ka miƙa hannu ta cikin wuta.

Katakon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, ruwa kaɗan zai kumbura shi kamar burodi. Fulawud na jirgin ruwa ake nema, mai lambar BS 1088, kauri milimita 9 ya wadatar. Mai 18 nauyin banza ne, ranar ɗauka za ka gane. Bakin yanka ne ke shan ruwa, can za a fi cika shafa gam ɗin ifoksi kafin fenti. Sukuru a ruwan gishiri sai ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316.

Saura ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 a cikin akwati ta mai da shi abin da mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Jarka biyu masu lita 10 sun fi, a ajiye su ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi, ba a jikin akwatin ba. Wurin wanke-wanke mai bututu kuwa na daina yi. Rami nake yankawa a saman akwatin daidai bakin roba, in an gama a ɗago robar a zubar, a kife kwanukan a ciki a mayar da murfi.