Masu buga Ape Escape, kar ku ruga wa biri da gudu

Jama'a, a wasan bidiyon nan na kamun birai, in kana son kama biri ba wahala, danna sandar hagu ta manet (abin da ake riƙewa a buga wasan) ciki, yaron da kake sarrafawa zai kwanta ya yi rarrafe. Matso a hankali ta bayan birin, sai ka juya sandar dama ka jefa raga.

Kalli fitilar hular birin. Shuɗiya, bai san da kai ba. In ta koma ja ya gan ka, rarrafe ya ƙare, buga masa kulki kawai.

Wasan nan na 1999 ne a PlayStation, kuma wallahi ba ya tafiya sai da manet mai sanduna biyu, ni na sayi wata mai araha a kasuwar Garwa sandarta ba ta dannuwa, kuɗina suka tafi a banza. Danna ka ji ƙas kafin ka biya.