Yadda ake zaɓar gida a zauna a tsohuwar unguwar gefen birni inda ƙafa ta wadatar

Masu neman gida a irin waɗannan unguwanni kusan duk hanya ɗaya suke bi su faɗa rami. Mutum zai je ranar hutu da hantsi, ya ga manyan bishiyoyi sun yi wa titi rumfa, ya ga gidajen jan bulo da tagogin katako, kantuna a jere kusa da tashar jirgi, sai zuciyarsa ta riga kansa yanke hukunci. Wata shida bayan nan ka same shi yana rigima da hukuma a kan taga, ko yana neman inda motarsa za ta kwana. Ga tsarin da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni.

Da farko ka san abin da ya sa unguwar ta zama yadda take. Yawancinsu an gina su ne kafin mota ta zama ta kowa, a lokacin da jirgin ƙasa da taragon lantarki ke kai ma'aikata cikin birni. Bayan Frank Sprague ya kafa layin taragon lantarki a Richmond ta Amurka a 1888, unguwanni irin wannan suka yi ta tsirowa a bakin layuka. Bedford Park ta Landan ma tun kafin nan ta fara, a 1875, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Turnham Green. Oak Park tana jikin Shikago, Brookline tana jikin Boston, kuma har gobe jirgi na ratsa su. Mai gini a wancan zamanin dole ya ajiye gida inda ƙafa za ta kai tasha, shi ya sa filayen suke ƙanana, titunan gajeru, kantunan kuma a tattare. To tambayarka ta farko ita ce: jirgin nan yana nan? Heliopolis ta Alƙahira, wadda Baron Empain ya fara ginawa a 1905, a kan tarago aka tsara ta, amma daga baya an tumɓuke layukan an faɗaɗa tituna saboda motoci. Gine-ginen na nan da kyansu, tsallaka titin kuma wani aiki ne dabam. Kada tsufan unguwa ya sa ka ɗauka cewa tafiyar ƙafa tana nan yadda aka bar ta.

Mataki na biyu, ka auna da ƙafarka. Akwai shafuka irin su Walk Score da ke bai wa adireshi maki daga 0 zuwa 100, kuma ba laifi ka fara da su, amma shafi ba ya jin nauyin leda a hannu, ba ya jin gangare a gwiwa. Lafiyayyen mutum yana cin kusan kilomita 5 a awa, wato mita 400 a minti biyar, mita 800 a minti goma. Ni dokata ita ce: abin da kake bukata kullum ya kasance cikin mita 800, abin da ya wuce haka sunansa tafiya, kuma ranar da ake ruwa mota za ka ɗauka. Ka tsaya a ƙofar gidan da kake so, ka taka zuwa tasha, zuwa kantin kayan masarufi, kantin magani, makarantar yara. Ka yi da safe lokacin fita aiki, ka sake yi bayan duhu ya shiga. In kana da ƙaramin yaro ka tafi da shi da keken turawarsa, domin saiwar tsofaffin bishiyoyi kan ɗaga daɓen gefen titi har ya zama tudu da kwari. Ka lura da irin kantunan ma. Layin da ya cika da shagunan shan shayi da na kayan ado yana da daɗin kallo, amma in babu inda za ka sayi sabulu da ƙwan fitila, ba a kai ga biyan bukata ba. Babban titi guda mai layi huɗu tsakaninka da tasha kuwa ya isa ya rushe lissafin gaba ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka natsu, domin nan ne na ga mutane sun fi yin asara: takardu. Kalmar “unguwar tarihi” a bakin dillali talla ce, a ofishin ƙaramar hukuma kuma doka ce, kuma sai ka gano wacce ta hau kan gidan kafin ka sa hannu. A Amurka, shigar da unguwa cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, wanda dokar 1966 ta kafa, shi kaɗai bai hana mai gida yin abin da ya ga dama da kuɗinsa ba. Mai cizo shi ne dokar da garin da kansa ya kafa: in gidan na cikin yankin tarihi na ƙaramar hukuma, akwai kwamitin da sai ya ba ka takardar amincewa kafin ka taɓa abin da ake gani daga titi. A Ingila abu biyu ne. Akwai yankunan da aka keɓe don adanawa, tun dokar 1967, inda ko bishiya za ka sare sai ka ba hukuma sanarwar mako shida. Akwai kuma gine-ginen da aka sa a jerin kariya ɗaya bayan ɗaya, kuma kariyar ta haɗa har da cikin gidan: matakala, murhun ɗumama ɗaki, adon silin. Yi wa irin wannan gini gyara ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Wasu unguwannin ma suna da hukuma ta biyu a kan ta gwamnati. Unguwar Hampstead Garden Suburb ta Landan, wadda Henrietta Barnett ta kafa a 1907, tana da amintattunta da sai sun yarda kafin ka canza fuskar gida, har shingen shuke-shuken da ke tsakanin gidaje suna sa wa ido.

Abin da sababbin shiga ba su sani ba shi ne laifin wanda ya sayar maka yana iya biyo gidan. In tsohon mai gida ya cire tagogin katako ya sa na roba ba izini a ginin da ke jerin kariya a Ingila, hukuma na iya zuwa bayan shekaru ta ce a mayar, kuma wanda ke cikin gidan a ranar shi zai biya. Saboda haka ka zagaya gidan kana neman duk abin da ya fi sauran sabunta: tagogi, ƙofar gaba, rufi, ɗakin da aka ƙara a baya. Kowanne ka ce a nuna maka takardar izininsa. In aka ce “ai kowa a layin nan haka ya yi”, wannan ba takarda ba ce. Ka je ofishin da kanka, ka nemi jami'in da ke kula da tsofaffin gine-gine, ka gaya masa abin da kake shirin yi tun kafin ka saya. Galibinsu suna son a tambaye su tun da wuri, abin da ba sa so shi ne su ga magini ya riga ya kafa tsani.

Taga ita ce uwar rigima, bari in ɗan tsaya a kanta. Sanyin farko na shigowa mutum zai ji iska na kurɗawa, washegari mai tallar tagar roba ya ba shi farashi, ya biya rabin kuɗi, sai kwamiti ya ce a'a. Ni dai ra'ayina, ko da doka ta bar ka, kada ka cire. Tsohon katakon nan ya fi na yanzu tauri, kuma ana gyara shi gaɓa-gaɓa: kafinta ya yanke inda ya ruɓe a ƙasan firam, ya dasa sabo, ya canza igiyar da ke riƙe nauyin tagar, ya liƙa abin toshe iska a gefuna. In ka ƙara gilashi na biyu daga ciki, sanyi da ƙarar titi duk sun ragu, daga waje kuma ba wanda zai gane. Tagar roba in ta lalace sai dai a jefar da ita. Wani lokacin gyaran kan kai kuɗin sabuwa, ban ɓoye maka ba, amma ka rage tsada ta hanyar fara da tagogin da ke fuskantar iska, sauran su jira baɗi.

Haka batun bango. Tsofaffin gidajen bulo da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora su, mai taushi, wanda ke barin danshi ya fita. Magini mai gaggawa zai cike tsagogin da siminti saboda ya fi saurin bushewa. Simintin ya fi bulon ƙarfi, sai ruwa ya rasa hanya ya koma ta cikin bulon, in ƙanƙara ta zo fuskarsa ta dinga ɓarewa. Ka ɗauki makulli ka karci kwaɓin da ke tsakanin bulo: in ya yi gari fari-fari, na asali ne, in ya yi tauri toka-toka kuma bulon da ke gefensa ya fara ɓarɓashi, an riga an yi ɓarnar. Duk maginin da ya ce maka farar ƙasa tsohon yayi ce, ka sallame shi.

Sai binciken cikin gida. Kada ka ɗauki mai duba gidan da dillali ya kawo, ka nemi wanda ya saba da tsofaffin gine-gine. Abubuwan da za a nema sanannu ne. Fenti mai dalma: a Amurka an hana shi a gidaje a 1978, kuma doka ta wajabta wa mai sayar da gidan da ya girmi haka ya bayyana abin da ya sani, ta kuma ba mai saye kwana goma ya sa a gwada. In da yara ƙanana a gidan, kada a kankare tsohon fenti a bushe, ƙurar ce ke cutarwa. Bututun ruwa na dalma, tsofaffin wayoyin wuta masu rigar ƙyalle da wasu kamfanonin inshora ke ƙin karɓa, da asbesto, wani kayan gini mai hana wuta ci da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda sai 1999 aka gama hana shi a Birtaniya. Ka sa a tura kyamara cikin bututun bayan gida, domin bishiyoyin nan da suka burge ka saiwarsu can take neman ruwa. Ka nemi farashin inshora kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Mota: gidajen da aka gina kafin zamaninta da yawa ba su da gareji, kuma Brookline da Oak Park duk suna da dokar hana kwanar da mota a bakin titi. Ka tambayi dokar garin, ka tambayi ko akwai izinin mazauna. Iyalin da ke da mota biyu su gwada zama da ɗaya, kuɗin da aka rage ya tafi asusun gyara, don tsohon gida ba ya shekara bai nemi wani abu ba.

Bayan ka tare, shekarar farko kada ka rushe komai. Gyara rufi da magudanar ruwan sama kawai, ka ga yadda gidan ke yi da zafi da sanyi, sannan ka san abin da ke bukatar kuɗi da gaske. Ka sayi keken jan kaya mai ƙafa biyu da takalmin da ruwa ba ya shiga, ka koma sayayya kaɗan-kaɗan maimakon lodin mako. Gidaje a matse suke, za ka ji maƙwabta su ma za su ji ka, don haka ka gaya musu kafin ma'aikata su fara buge-buge. Ka halarci zaman kwamitin unguwa ko sau ɗaya kafin ranar da takardarka za ta zo gabansu, ka kuma tambayi tsofaffin mazauna layin sunan kafintan da ya gyara musu tagogi, domin masu wannan aikin kaɗan ne kuma layinsu kan kai watanni.