Yadda ake shirya bita ga shugabannin sashen kula da naƙasassu

In aka ɗora maka shirya bita ga jami'an walwalar jama'a na ƙananan hukumomi, kafin ka taɓa jadawali je ka da ƙafarka ka ga zauren. In sai an hau matakala, ko ƙofar bayan gida ba ta wuce keken guragu, nemi wani wuri. A shekarun da na yi a wannan aiki a Katsina na sha ganin ana lacca kan haƙƙin naƙasassu a saman bene, baƙon da aka gayyato yana ƙasa ana shawarar wa zai goya shi.

Sai masu koyarwa. Ra'ayina shi ne rabin lokacin a bar wa masu lalurar da kansu. Muna da sarkin makafi, sarkin guragu da sarkin kutare, ga reshen jiha na JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, ga malaman makarantar kurame ta Malumfashi. Sarakunan nan sun san mutanensu gida-gida, abin da rajistar ofis ba ta taɓa kaiwa ba. Aika musu takardar gayyata irin wadda za ka aika wa darakta, a zaunar da su a babban tebur, a biya su kuɗin koyarwa kamar kowane malami, kada a tsaya a "ga na goro, ranka ya daɗe". Jami'in da ya wuni yana rubuta abin da sarkin makafi ke faɗa, washegari da wuya ya bar shi tsaye a bakin ƙofa.

Tafintan maganar hannu a samu biyu suna karɓar juna, don hannu na gajiya. Ka kuma tambayi kuramen tun da wuri irin wadda suke ji. Wadda ake koyarwa a makaranta tushenta daga Amurka yake, ta gargajiya da ake yi a kasuwa da unguwa kuwa daban take, kuma dattijon da bai shiga aji ba ita kaɗai ya sani.

Bayanin doka ba ya buƙatar wuni guda. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 a gyara su yadda kowa zai shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Kamfani kuwa naira miliyan 1. Faɗi wannan a taƙaice, sannan ka raba takarda kowa ya rubuta inda sakatariyarsa ta gaza. Nan ne za ka ji ɗakin ya yi tsit.

Inda nake so ka daɗe shi ne kasafin kuɗi. Yawancinmu an rene mu a kan rabon shinkafa da atamfa lokacin azumi, a ɗauki hoto a watse. Shugaban sashe kuwa aikinsa ya san tun kafin a rufe kasafi yara kurame nawa ne a kowace mazaɓa ba sa zuwa makaranta, kekuna nawa suka lalace, nawa mai walda zai karɓa ya gyara. Don haka kowane jami'i ya zo da matsala ɗaya ta gaske daga yankinsa, ya rubuta takardar neman kuɗi a nan cikin zaure. Wani ya zauna a matsayin ciyaman ya ce masa babu kuɗi, mu ga yadda zai kare fayil ɗinsa. Mai jin kunyar ciyaman na wasa, ina zai iya da na gaske?

Alawus a biya ranar ƙarshe, don kada a karɓa a gudu. Kafin a tashi, kowa ya sa hannu kan abu ɗaya da zai gyara cikin wata 3, a ba shugaban naƙasassun ƙaramar hukumarsa kwafi. In lokacin ya cika, shugaban za ka fara kira, sannan jami'in.