Yadda Mai Aiki Daga Gida Zai Haɗa Hawan Keke da Karatu Don Ci Gaban Aikinsa

Wanda ya koma yin aiki daga gida yakan fara da murnar cewa lokacin da yake ɓatawa a hanya tsakanin gida da ofis ya dawo hannunsa. Sai dai wannan zirga-zirgar tana yin wasu ayyuka da ba a lura da su sai an rasa ta, domin tana motsa jiki, tana raba lokacin aiki da na iyali, kuma tana kai ma'aikaci inda shugabanninsa za su gan shi da idanunsu. Idan aka cire ta ba a sa komai a gurbinta ba, jiki yakan yi nauyi, aiki ya riƙa kaiwa har tsakar dare, sannan a wayi gari an ƙara wa abokan aiki girma, shi kuwa yana nan inda yake.

Batun ƙarin girma ba zato ba ne. A wani gwaji da masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi tare da abokan aikinsa a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, ma'aikatan da suka riƙa amsa kiran waya daga gida na tsawon wata 9 sun ƙara ƙwazo da kashi 13 cikin 100, amma damarsu ta samun ƙarin girma ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta su da masu ƙwazo irin nasu da ke zuwa ofis. A wani gwajin da ya biyo baya, wanda mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2024, an bar wasu daga cikin ma'aikata 1,612 suna yin kwana biyu a gida kowane mako, kuma ba a ga bambanci wajen ƙarin girma ba, yayin da masu ajiye aiki suka ragu da kashi ɗaya bisa uku. Abin da na fahimta daga waɗannan sakamako biyu shi ne, zaman gida ba ya rage ƙwazo, amma idan ya yi tsawo yana sa a manta da mutum.

Saboda haka, abu na farko shi ne ka lissafa lokacin da hanya take ci maka a da, ka hana barci da wayar hannu su cinye shi, kuma kada ka miƙa shi kyauta ga aikin ofis. Ka raba shi gida biyu, rabi na keke kafin ka buɗe kwamfuta, rabi na karatu bayan ka rufe ta.

A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana so baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, wanda ke nufin cewa minti 30 a kan keke kwana biyar a mako ya kai ka matakin farko. Hanyar gane matsakaicin gudu mai sauƙi ce: idan kana iya yin magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, to kana kan daidai. Keke ya dace da mai zaman kujera ne domin sirdi ne ke ɗaukar yawancin nauyin jiki, don haka gwiwa ba ta shan wahalar da take sha a guje-guje, sannan a cikin rabin sa'a kana iya yin nisan da zai sa ka ji lallai ka bar gida. Ka zaɓi hanyar da za ta zagaya ta dawo da kai ƙofar gidanka, ka kuma tsayar da lokaci guda na fita. Idan ka dawo ka yi wanka ka sa tufafin aiki, zuciyarka za ta ɗauka cewa ka iso ofis, ko da teburin yana kusa da gadonka.

Wasu daga cikin waɗanda suka jingine keke bayan 'yan makonni ba kasala ce ta hana su ba, ciwo ne, kuma sau da yawa daga tsayin sirdi yake zuwa. Ka zauna a kan sirdi, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi, domin idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama da yawa kuma yana sa ƙugu rangaji. Adadin iskar da taya ke buƙata a rubuce yake a gefenta, kuma tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙarfi, tana kuma saurin yin faci. Ka riƙa goge sarƙa kana ɗiga mata mai, ka gwada birki biyu kafin ka fita, ka ɗauki famfo da kayan faci. Idan kekenka mai giya ne, ka fi son giya mai sauƙi da juya ƙafa da sauri a kan giya mai nauyi da ake dannawa da kyar. Hular kwano da fitilar gaba da ta baya ba abin wasa ba ne ga mai fita da asuba ko da magariba.

Akwai masu toshe kunnuwansu suna sauraron littafi a kan keke da nufin su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ban goyi bayan haka ba, domin kunne ne ke fara gaya wa mai keke cewa mota na tafe a bayansa.

Shi kuwa karatu, amfaninsa ga ma'aikacin gida ya fi na ma'aikacin ofis, saboda a ofis mutum yana tsintar ilimi ba da niyya ba, ta hanyar jin yadda manya ke tattauna matsala da yadda suke yanke shawara. Wanda ke gida ya rasa wannan makarantar, dole ne ya nemo madadinta da kansa. Ka kasa abin da kake karantawa kashi biyu, wanda zai inganta aikin da kake yi yau, da wanda ya shafi matsayin da ke gaba da naka, kamar tsara kasafin kuɗi, jagorancin mutane, ko dokokin da suka shafi sana'arka. Kada ka bar labari da tarihi a baya, domin su ne ke gyara wa mutum alƙalami, kuma mai aiki daga nesa da rubutu ake saninsa. Idan da hali, ka karanta a takarda nesa da teburin aiki, inda saƙonni ba za su riƙa katse ka ba. Littafin da ka ba shi babi biyu ko uku bai ba ka komai ba, ajiye shi ba laifi ba ne.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne riƙe abin da suka karanta. Tun a 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, sannan ta riƙa lafawa. A 2006 kuma masana halayyar ɗan Adam Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Don haka idan ka gama karatun yini, ka rufe littafin ka rubuta abin da ka gane da kalmominka a layi huɗu ko biyar, sannan ka buɗe ka duba inda ka kuskure. Washegari, idan ka kai wani yanki na hanya da babu cunkoso, ka sake tambayar kanka me ka karanta jiya da kuma inda zai shiga cikin aikinka. Ka koma ga bayanan bayan mako guda, sannan bayan wata guda.

Duk wannan ba zai kai ka ga ƙarin girma ba sai shugabanka ya san abin da kake yi. Ka ware minti 15 a ƙarshen kowane mako ka aika masa da gajeren saƙo mai ɗauke da abin da ka kammala, abin da ya tsaya da dalilin tsayawarsa, da abin da za ka kama a mako mai zuwa. Ka ajiye kwafin waɗannan saƙonni wuri guda, domin ranar da za a zauna tantance ma'aikata su ne hujjarka, ba sai ka dogara da abin da wani ya tuna ba. Ka nemi ganawa da shi ta bidiyo ka tambaye shi kai tsaye abin da ake buƙata kafin a kai mutum matsayi na gaba, ka rubuta amsar, ka kuma zaɓi littafinka na gaba bisa ita. Idan wata dabara da ka karanta ta warware matsala a aiki, ka rubuta yadda aka yi a takaice ka raba wa abokan aiki. Zumunta a ƙafa take, saboda haka duk lokacin da aka kira taron ido da ido kuma kana da halin zuwa, ka je.

Akwai ranakun da ruwan sama ko tulin aiki zai rushe tsarin. A irin wannan rana ka rage, amma kada ka soke: minti 10 a kan keke ko tafiya a ƙasa, da shafi biyar na littafi. Bayan kowane wata uku kuma ka ɗauko saƙonninka na mako-mako da bayanan karatunka ka jera su kusa da amsar da shugabanka ya ba ka, inda ka ga giɓi a tsakaninsu sai ka sauya littafi ko ka nemi a ba ka aikin da zai cike shi.